Tejaratna Maƙerin Tagulla da Gwiwar Buddha

Haihuwa da Koyon Sana'a

An haifi Tejaratna Shakya a shekarar 1931 a birnin Patan na ƙasar Nepal, ɗa ga Manjyoti maƙerin tagulla da maiɗakinsa Beti Maya. Tun yana shekara tara mahaifinsa ya koya masa fitar da siffa da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu da ƙaiƙayi, a narka kakin, a zuba tagulla a gurbinsa. Kowace shekara sukan ziyarci wani ƙaramin wurin ibada da ke kan dutse a hanyar garin Namobuddha, inda mutum-mutumin Buddha na tagulla ya shekara ɗari bakwai a zaune, har goshin da masu ziyara ke ɗorawa ya lotsa gwiwarsa ta dama.

Aure

A 1954 ya auri Hira Shova, mace mai alheri da kaifin baki.

Babban Aiki

A 1978 ɓarayi suka sace wannan Buddha, dattawan wurin suka ɗora wa Tejaratna alhakin zuba madadinsa. Wata goma sha ɗaya ya yi yana aikin, kuma wallahi ya fito sak, sai dai gwiwar a cike take. Masu ziyara suka ce ba nasu ba ne, suka riƙa wucewa. Dattawa suka umarce shi ya rage gwiwar da magagari.

"Iyayena, goshin kakanninmu ne ya ci waccan gwiwar," in ji shi. "Ni wane ne da zan yi aikin shekara ɗari bakwai a wuni guda?"

"Kanka ya fi tagullar tauri," in ji Hira Shova. "Da shi ka narka, da kowa ya huta."

Aka daina kawo masa aikin wuraren ibada, ya koma zubin fitilu, abin kuwa ya yi masa ciwo ƙwarai. Amma kowane wata, shekara talatin cur, yakan hau dutsen ya ɗora goshinsa a gwiwar, matar na biye tana mita, ita ma tana ɗorawa. Sannu a hankali wasu suka bi sahu.

Rasuwa

Ya rasu a 2009 yana da shekara saba'in da takwas, aka ƙona gawarsa a bakin kogin Bagmati bisa al'ada. Ya bar 'ya'ya uku: Punya, Subarna da auta Timila, wadda ta je wurin ibadar bayan makoki, ta bi dogon layi, ta shafa gwiwar, ta ji ɗan lotsin da bai wuce ƙwayar shinkafa ba.