Ranar da Bakina Ya Cinye wa Baba Sallah

Ni dai bakina ba ya da birki. Da shi na hana Baba yin Babbar Sallah a gida.

Baba mai tsaron ƙofar ɗakunan kwanan ɗalibai ne a jami'a. Abokin aikinsa wani dattijo ne Kirista, ɗan ƙabilar Ga, muna ce masa Kawu. Tun kafin a haife ni suke da tsari: Baba ya riƙe masa aiki ranar Kirsimeti, shi kuma ya riƙe wa Baba ranar Sallah. Ba wanda ya sa su.

Wata rana Mama ta aike ni daga unguwarmu ta Nima in kai wa Baba wake da shinkafa. A bakin ƙofa na tarar da wani mai kwat, tumbinsa ya riga shi shiga inuwa. Ya tambaye ni ɗan wane ne. Maimakon in amsa in wuce, sai na buɗe rediyo: Babana ne ke gyara famfo, shi ke ɗaukar akwatunan sababbin ɗalibai, kuma ranar Sallah ko shugaban ƙasa bai isa ya gan shi a nan ba, don Kawu na nan.

Ashe sabon manaja ne. Kafin mako ya zagayo ya hana musayar aiki. Amma ɗan ƙanwarsa da ke ofis, ko kaza ce ta yi tari a ƙauyensu sai ya tafi jana'iza.

Baba ya fusata. "Daga yau abin da aka ɗauke ni in yi kawai zan yi. Famfo ya zama teku, ba ruwana!"

Mama ta ce, "Malam, kai da ko tukunyar maƙwabta ke yoyo ba ka iya barci?"

Yajin nasa bai kai azahar ba. Wata ɗaliba ta zo da kuka ƙofarta ta ƙi buɗuwa, ya ɗauki guduma.

Kawu ya je ya roƙi manaja, har da cire hula. Manaja ya ce doka doka ce.

Ranar layya Baba ya sa kakinsa ya hau motar hayar da muke kira trotro, ya bar ni da rago mai ƙaho kamar sitiyarin tifa. Ragon ya ja ni har bakin kwata, yaran layinmu na ihu. Sai ga Kawu da kayan zuwa coci, yana naɗe hannun riga.

"Kai ne mai rediyon? Kama ƙafar baya, ka rufe bakin nan."

Ya danne ragon, liman ya yanka. Mama ta soya hanta, Kawu ya zuba a kwano muka kai jami'a tare.

Manaja bai janye dokar ba. Baba ya ci naman Sallarsa a kan benci a bakin ƙofa, bayan la'asar, naman ya riga ya huce.