Ruwan da ya mayar da goshina ƙasa

Salamu alaikum, mutanen unguwannin Nima da Maamobi. Wata takwas ba ku ji ni ba. Ni ne Baba Garba mai gyaran keken ɗinki. Ban yi boko ba. Ina faɗa, 'yata Rabi tana rubutawa, kuma na hana ta rage ko kalma ɗaya.

Shekara arba'in ina tambaya ɗaya, ba wanda ya amsa mini. Washegarin wata ƙaramar Salla muka je bakin teku, ruwa ya ja ƙanena Sule. Mu bakwai a tsaye, ƙarti, ba wanda ya iya iyo. Masuntan ƙabilar Ga ne suka fito mana da gawarsa. Alhali ubanmu mutumin Yawuri ne, da hannunsa yake ƙetare kogi. Wa ya ce iyo ba namu ba ne? Duk lokacin da na ɗauko zancen sai a ce, "Baba Garba ya fara."

Yanzu ga abin da ya same ni.

Wata safiya ina shan koko, kofi ya suɓuce mini. Na buɗe baki zan yi faɗa, magana ta ƙi fita. Matata Hajiya ta ce, "Malam, bakinka ya karkace!" Ta fita ba mayafi tana kiran tasi.

Shanyewar ɓarin jiki. Hawan jinin da na yi shekaru ina cewa ƙaryar likita ce.

Kwana goma sha biyu a asibiti. Awon jini safe da yamma, hoton kai a cikin wani inji mai ƙugi. Katin inshora ya ɗauki rabi, 'ya'ya suka ɗauki sauran. Sai an riƙe ni nake zuwa bayi.

Ba mutuwa na ji tsoro ba. Sujada na ji tsoro. Wata uku ina salla a kujerar roba, ina kallon tabarma, goshina ya kasa kaiwa.

Mai koya mini motsa jiki, wata 'yar ƙabilar Asante, ta ce, "Papa, a ƙasa jikinka yana maka nauyi. Shiga ruwa, shi zai ɗauke ka." Ta tura ni wani wurin iyo a wajen unguwar Madina.

Mai gadin wurin ya ce sai gajeren wando. Na ce ban taɓa nuna gwiwata a kasuwa ba, ba yau zan fara ba. Hajiya ta sayo mini dogon wando da riga irin na 'yan ƙwallo, ya yarda.

Ranar farko na riƙe ƙarfen bakin ruwan, Sule kawai nake gani. Mai koyarwa, Nii, ɗan masunta, ya ce, "Alhaji, ruwan nan iya ƙirjinka ya tsaya. In ka nutse a nan, ni zan bar aiki." Na yi dariya da rabin baki, na saki ƙarfen.

Sai wani mara aikin yi ya ɗauke ni a waya ya watsa.

Rabi ta ɓoye mini, na tilasta mata ta karanta mini abin da ake rubutawa. 'Yan boko da na ƙasashen waje suna dariya: "Alhaji ya zo wanki ne?" "'Yan zango da ruwa sai alwala." Namu kuma suka fi zafi. Malam Isiyaku, wanda muka yi shekara talatin a sahu ɗaya, ya aika murya a zauren unguwa na waya: "Tsoho da furfura a kwamin wanka da mata, wannan ba tarbiyyarmu ba ce."

Kwana huɗu suna faɗa a kaina. Waɗancan suna cewa mu ƙauyawa ne, waɗannan suna cewa na zama Bature. Ba wanda ya tambayi yadda ƙafata take. Kai Isiyaku, ina kwance sau ɗaya ka leƙo!

Mako biyu na ƙi komawa. Ƙafar ta fara sandarewa. Hajiya ta ajiye wandon a gabana ta ce, "Masu surutun nan, cikinsu wa zai riƙe ka zuwa bayi?"

Na koma.

Juma'ar da ta wuce a masallaci na ture kujerar. Na durƙusa, goshina ya taɓa tabarma. Na daɗe ban ɗago ba, har na kusa da ni ya taɓa ni ya ga ko da rai.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Hajiya, da 'ya'yana, da 'yar Asanten nan, da Nii. Yanzu ina ƙetare ruwan daga bango zuwa bango, a hankali, kamar tsohon kwaɗo.

Ku auna jininku, ku sha magani ko kuna jin lafiya. Baki ya karkace, asibiti kai tsaye, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Saura tambayata. In mata ne damuwarku, me ya hana mu karɓi wurin safiya ɗaya maza, safiya ɗaya mata? Salla tana zuwa, yaranmu za su sake cika motoci zuwa teku. Malam Isiyaku, kai da ka iya aika murya, aiko mini ɗaya. Wa ya ce iyo ba namu ba ne? Ina nan shagona, wayar tana hannun Rabi. Ku amsa mini.