Kwalin Japan da na ɓoye wa Tsoho Ila

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina buɗe rumfar cajina, ko waya ɗaya ban jona ba, Kawu Mudi ya kira ni ya ce babansa ya rasu. Malam Ila kafinta, na bayan tasha. Ya dawo daga sallar asuba, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kishingiɗa. Shi ke nan.

Na ajiye wayar na tsaya ina kallon ƙarƙashin bencina. Akwai kwali a wurin, lulluɓe cikin buhu. Nasa ne. Wata uku yana jiran sa daga Japan. Tun ranar Alhamis ya iso hannuna, na ɓoye.

Bari in yi bayani, saboda waɗanda ba 'yan Ƙaura ba.

Malam Ila ƙanen kakana ne na wajen uwa, don haka akwai wasa tsakaninmu. Ni Tsoho nake ce masa. Matarsa Inna Hajo kuwa amaryata ce, kullum sai na tuna masa aro na ba shi. Shi kuma tun da na yi wayo ban ji ya kira sunana ba, sai dai "ja'iri".

Ina yaro sau biyu ina fasa allona da gangan don in huta da karatu. A na uku shi ya sassaƙa mini wani, mai kauri kamar ƙyauren shago. Ya ce, "In ka hwasa wanga, ni da kaina zan roƙa maka hutu." Da shi na yi sauka. Har yau yana ɗakin mahaifiyata.

Bencin nan da masu caji ke zama, shi ya yi mini. Da na tambayi kuɗinsa ya ce in bar shi cikin sadakin Inna Hajo.

Lokacin da mutanen ƙauyukan Zurmi suka shigo gari gudun hijira da abin da kai ya iya ɗauka kawai, guntayen katako ya riƙa tarawa yana yin kujeru 'yan tsugunno. Ya ce mace ba ta tuƙa tuwo a tsaye. Bai taɓa kaiwa da kansa ba, aikawa yake yi, don kada a yi masa godiya.

Maganar Japan kuwa, ni na jawo ta da tsokana.

Wata rana na nuna masa bidiyon wani tsohon kafinta ɗan Japan yana haɗa katako da katako babu ƙusa ko ɗaya. Na ce, "Tsoho, ga kafintoci na gaske, ba ku da ke cika wa mutane kujera da ƙusa tana yaga musu riga ba."

Na zaci zai kai mini duka da hula. Sai ya karɓi wayar. Ya kalla, ya ce in mayar. Ya sake kalla, ya ce in mayar. Har batir ya mutu.

Washegari ya zo da sassafe ya ce, "Ja'iri, zarton ga nika so. Da littahin da ka koya wanga aiki."

Ni ban yi boko ba, rubutun nan ma a waya na koye shi. Amma hoto ba ya ɓuya mini. Na yi ta lalube har na samu wani shafi da ke saya wa mutum kaya a shagunan Japan, ya tara su cikin kwali guda, ya aiko. Kawu Mudi ya karanta mana Turancin, da katinsa aka biya. Da muka ga kuɗin jirgin sama ya fi na zarton kansa, muka zaɓi jirgin ruwa, mai araha, mai tafiyar hawainiya. Tsoho ya ce, "Bari shi taho a hankali. Itacen ma da muka yankawa ba rana guda ya girma ba."

Lambata aka sa a kwalin, don tasa wayar 'yar ƙarama ce mai tocila.

Ranar da kwalin farko ya iso, duk majalisarsa ta taru. Zarto ne siriri, da littafi na hannu mai cike da zane. Kawu Mudi da wani malamin sakandare suka buɗe littafin ta hagu, yadda suka saba. Suka bi zanen shafi shafi, suka ga kujera cikakkiya, gaba kaɗan ta rasa ƙafa, gaba kaɗan ta zama katako zube. Malamin ya gyara tabarau ya ce, "Malam Ila, an cuce ku. Wannan littafin kwance kujera ne."

Na ce a ba ni in gani. Ni da ban san wata hanyar buɗe littafi ba sai ta dama, na buɗe shi kamar namu na makarantar allo. Sai ga katako, ga aunawa, ga yanka, ga kujera a ƙarshe.

Tsoho ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Ashe mutanen ga 'yan makarantar allo na! Mudi, ba ja'iri wuri shi zauna, yau shi am malami."

Ban taɓa jin daɗi a gaban 'yan boko irin na ranar ba.

Zarton kuwa bai yi kwana uku ba. Namu turawa ake yi, nasu ja ake yi. Kawu Mudi bai sani ba, ya danna shi cikin katako da ƙarfinsa na ɗa namiji, ya lanƙwashe, haƙora suka zube. Tsoho bai yi faɗa ba. Ya ɗauka ya duba, ya rataye a bango, ya ce in sake yin oda, a haɗo da kashi na biyu na littafin.

Akwai dalilin da ya sa ya damu. Gwiwoyin Inna Hajo sun daina bari ta yi sallah a ƙasa, kujerar roba take amfani da ita, tana santsi. Ya yi mata alkawarin kujerar sallah da babu ƙusa a jikinta. Ya haɗa ƙafa uku kafin zarton ya lalace. Ta huɗun ya ce ba zai taɓa ta da zarton gida ba, yankansa ya yi faɗi.

A cikin wata ukun nan sau biyu ina yi masa ƙaryar kaya sun iso. Na farko ya bar abinci ya taho da sauri, ya tarar da kwali cike da ƙuliƙuli. Na biyu tsohon takalminsa ne da na sato daga shago. A gaban jama'a ya rantse ba zai ƙara taɓa kwalin da ya fito daga hannuna ba.

Wannan rantsuwar ce ta ba ni dabara. Da Lawwali direba ya karɓo mini na gasken daga gidan waya na Gusau ranar Alhamis, na ce sai Lahadi, ranar da majalisa ke cika. In kai masa, ya ƙi karɓa, in ce to na yi tsintuwa, in buɗe a hankali a gabansa ina kallon fuskarsa.

Yau ce Lahadin.

Jiya bayan la'asar ya zo cajin 'yar wayarsa. Ya zauna kan benci, daidai saman buhun. Ya ce, "Ja'iri, ina jirginka ya kwana?"

Na ce, "Ya tsaya nan Moriki, ana loda masa shanu."

Ya yi murmushi, ya taɓa buhun da diddige. "Wanga hwa?"

"Rogo ne, na wata mata."

Ya ɗaga kai ya dubi hadari. Ya ce, "To ɗaga shi daga ƙasa, ka aza mishi bulo. Irin wanga rogo bai son laima." Ya karɓi wayarsa ya miƙe. Har ya yi nisa ya juyo ya ce in gaida amaryata idan na je zance.

Na bi bayansa da dariya, ina cewa na ci tsoho.

Wannan ce ganawarmu ta ƙarshe.

A maƙabarta mutane na ta addu'a, ni abu ɗaya ke yawo a kaina. Kwana uku. Da na kai masa ranar Alhamis, da ya riƙe zartonsa, da ya gama ƙafa ta huɗu. Na hana tsoho abin da ya yi wata uku yana ƙirga wa kwanaki, saboda dariyar minti biyar, kuma babu inda zan same shi in ce ya yafe mini.

Da aka dawo na ɗauko kwalin na wuce masu zaman gaisuwa, na shiga ciki wurin Inna Hajo. Na durƙusa na ajiye shi gabanta. Na faɗi komai, ban rage ba.

Ta dube ni da idanunta da suka kumbura. Ta ce, "Kai dai wawan miji gare ni. Kana tsammanin bai sani ba?"

Na ɗago kai na dube ta.

Ta ce tun ranar Alhamis da magariba Lawwali ya gaya masa a masallaci. Ya shigo gida yana dariya shi kaɗai. Ta ce masa ya je ya ƙwato kayansa mana, ya ce, "A'a. Yaron ga ya yi shiri. In na amsa yanzu na ɓata mishi wasa. Bari ran Lahadi in ƙi amsa, in yi hushi, shi ji daɗi." Ta ce jiya har gwada mata yake yi yadda zai ɓata fuska.

Tun safe ban yi kuka ba sai a lokacin.

Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Tashi. Ba ka hana shi komai ba, shi ya ba ka kwana ukun nan. Kira mini Mudi."

Kawu Mudi ya shigo ya yanke tef ɗin. Ga sabon zarto cikin takarda, ga littafin, ko laima bai taɓa su ba. Ya ɗauki littafin ya buɗe ta hagu. Na miƙa hannu na juya masa shi. Na ga bakin Inna Hajo ya motsa kamar za ta yi murmushi.

Mun yi magana, bayan addu'ar bakwai za mu buɗe shagon. Shi zai riƙe zarto, ni zan riƙe littafi in riƙa tuna masa cewa ja ake yi. Amaryata za ta yi sallah a kan kujerarta in Allah ya yarda.

Allah ya jiƙan Malam Ila. Allah ya yafe masa kurakuransa kamar yadda ya riƙa yafe mini nawa tun kafin in roƙa. Allah ya yalwata kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba Inna Hajo da Kawu Mudi haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce bai yi wa Tsoho addu'a ba. Wanda kuma ya taɓa zama kan bencina, ya sani a kan aikin hannunsa ya zauna, ya ƙara masa da wata.