Iya Sau Biyu a Hoton Sauka

Ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare shekarar da Islamiyyarmu ta yi saukar Alƙur'ani ta farko. Ƙauyenmu yana ƙasar Ajingi, ba nisa da Gafasa. Malam babba ya ce yana son hoton da zai ɗauke makarantar da garin gaba ɗaya, sai aka kira wani mai hoto daga Gaya wanda aka ce yana da jirgi.

Da hantsi ya iso a babur, da akwati ɗaure a baya. Ƙarshen damina ne, ana cirar gyaɗa. Jirgin ɗan helikwafta ne da bai kai tsawon taɓarya ba, babbar farfela a sama, ƙarama a wutsiya, kyamara rataye a ƙasansa. Mutumin ya rataya rimot a wuya, ya ja da'ira a ƙasa da dunduniyarsa, ya ce kada wanda ya tsallako, farfelar tana cire yatsa.

Ina shimfiɗa tabarmi kusa da su na ji yana yi wa Malam bayani. Ya ce jirgin zai tsaya wuri ɗaya a sama, ya riƙa juyawa kaɗan-kaɗan yana ɗauka, in ya koma Gaya sai ya ɗinke hotunan a kwamfuta su zama guda ɗaya mai faɗi. Wani ƙaramin malami ya ce ashe dai tela aka ɗauko mana. Suka yi dariya su uku. Ban da su, ni kaɗai na ji.

Aka jera mu cikin fararen hijabai, aka ce kowa ya tsaya cik. Nawa ne kawai ya yi shuɗi-shuɗi, don Inna ta cika masa bula, kuma tun safe nake jin kunyarsa. Jirgin ya tashi da ƙara irin ta injin markaɗe, kaji suka watse suna neman maɓuya. Na lura yana juyawa ya tsaya, ya juya ya tsaya. Iska takan ture shi, sai mai hoton ya jira ya daidaita. Abin ya ɗau lokaci. Ana cikin haka wata ƙaramar yarinya a gabana ta fara amai saboda rana. Malamarmu ta taɓa ni ta ce in ruga gindin darbejiya in ɗauko buta.

Daga gindin bishiyar na hango Iya mai koko a bakin famfo. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya yana tuƙa adaidaita a Gaya. Kusan duk yaran garin da kokonta suke karyawa. Ni ba na magana sosai, don haka take kirana Bebiya, kuma kullum sai ta ƙara mini ludayi ɗaya ta ce ko zai buɗe mini baki. Ranar ba ta zo wajen sauka ba. Na ga ta ɗora rawayan bokiti a ka, sanye da koren zanenta, ta bi ta bayan makaranta ta nufi gida.

Bayan mako biyu aka kawo hoton. Dogo ne, sai mutum ya buɗe hannu biyu kafin ya kama gefe da gefe. Aka rataye shi a zauren makaranta, gari ya taru kowa yana neman gidansa. Rumbuna sun fito kamar huluna. Wasu magidanta suka ɓata rai don ana ganin tsakar gidajensu har da shanya. Ni abin da na bi da ido shi ne ɗinkin. Katangar masallaci ta ɗan goce a wuri ɗaya, kamar an yanka an mayar ba daidai ba. Akwai wani jaki da ba shi da ƙafafun baya. Sai na ga Iya a bakin famfo tana sunkuye, na kuma gan ta a ƙofar gidanta da bokiti a ka.

Ban yi mamaki ba, don na san yadda aka yi. Na koma neman kaina. Ga ni a sahu na uku, ɗan ɗigo mai shuɗi cikin farare. Ga ni kuma a gindin darbejiya da buta a hannu. Fuskata ba ta fi ƙwayar gero ba a duka biyun. Duk wanda ya gani zai ɗauka yara biyu ne masu hijabi iri ɗaya. Ni na san ranar ba mai shuɗin hijabi sai ni.

Wata mata ce da ke neman akuyarta a hoton ta fara ganin Iya. Dariya ta yi, ta ce ku zo ku ga Iya ta yi tagwaye. Ranar kowa dariya ya yi. Matasa suka ɗauka a waya suna buɗo wurin da yatsu.

Cikin makon 'yar mai shagon bakin masallaci, yarinya 'yar shekara uku, ta kwanta da zazzaɓi har tana sanƙarewa. Wani ya tuna da safen ranar ta sha kokon Iya. Ban ji wanda ya ce ai duk yaran garin sun sha ba. Wata ta tuna uwar Iya baƙuwa ce, ba a san asalinta ba. Kafin Juma'a magana ta zauna: wadda ke bakin famfo gangar jiki ce, wadda ke ƙofar gida ita ce ke fita kamun kurwar yara. Suka ce mayya tana iya rufe idon mutum, amma ba ta iya rufe na kyamara.

Malam ya yi wa'azi bayan la'asar, ya ce wannan zato ne, zunubi ne, hakki ne da ba za su iya ɗauka ba. Ya kira mai hoton a waya a ƙofar masallaci, ya buɗe murya kowa ya ji. Baba ne ya ba Inna labari da ya dawo, ina ajiye masa tuwo. Ya ce mai hoton dariya ya yi, ya ce ɗinki ne, duk wanda ya motsa tsakanin ɗauka da ɗauka haka yake fitowa. Aka ce ya kawo hotunan tun kafin a ɗinke, ya ce ya goge, katinsa ya cika, kuma yanzu yana wajen biki. Sai mai shago ya tambaye shi, duk faɗin garin nan ita kaɗai ce ta motsa? Ya ce su duba da kyau, ba za a rasa wani ba.

Baba ya ce sun fi mutum goma tsaye gaban hoton har magariba ta kusa, ba su samu kowa ba sai jakin nan. Wani ya ce shi ma ita ta cinye rabinsa. Baba ya wanke hannu, ya ce da za a samu mutum ɗaya tak da ya fito sau biyu, da maganar ta mutu. Ina riƙe da butar da nake zuba masa ruwa. Na ci gaba da zubawa har ya janye hannunsa.

Washegari da safe ina taya Inna ɓarar gyaɗa na gaya mata. Na faɗi yadda jirgin yake juyawa, da aiken malama, da hijabin. Hannunta ya tsaya cikin ƙwarya.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

"Babanki fa?"

Na girgiza kai.

Ta matso da murya ƙasa-ƙasa. "Kullum tana ƙara miki koko, kowa ya sani. In kika nuna kanki ba za su ce ɗinki ba ne. Cewa za su yi ta ba ki maita kin ci. Kin san yarinyar da aka liƙa wa wannan suna ba ta wanke shi har jikokinta?"

Na ce amma ai Iya ba ta yi komai ba. Ta ce ta sani, ta fi ni sani, Iya ce ta zauna da ita daren da ta haife ni. Daga nan ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko hijabin, ta wanke shi da sabulu har sau uku, sai da shuɗin ya fita tas. Ban hana ta ba. Gaskiya ma da na ga ya yi fari a kan igiya, sai na ji numfashina ya sauka. Ba Inna kaɗai ta rufe mini baki ba.

Malam ya sauke hoton ya juya shi ga bango a ofis, yana ganin in ba a gani za a manta. Sai aka ce har Malam ya tsorata. Ga shi kuma yana cikin kowace waya, an yanko wurare biyun da Iya ta fito an haɗa su gefe da gefe.

Ranar Litinin na dawo daga makaranta na tarar da mutane a ƙofar gidan Iya. Na shiga gida na taka turmi na leƙa ta saman katanga. Mai shago da 'yan uwansa sun kawo yarinyar a zani, sun kwantar da ita a ƙasa. Idonta ya juye, leɓenta ya bushe. Suna cewa Iya ta tsallaka ta, don an ce in mayya ta tsallaka wanda ta kama, kurwarsa za ta dawo. Iya ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Suka ce ba rantsuwa suka zo nema ba, in ba ita ba ce me za ta rasa in ta tsallaka? Uwar yarinyar ta durƙusa ta kama ƙafarta tana kuka, tana cewa Iya ki yi wa Allah.

Iya ta daɗe tana kallon yarinyar. Sannan ta tattare zanenta ta tsallaka. Gwiwarta ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai, sai da ta dafa bango. Suka ce sau uku. Ta yi sau uku. Na ji wani a baya ya ce to ai ga shi ta amsa. Tsakanina da su bai fi taku goma ba. Na buɗe baki, sai kuma na sauko daga turmin.

Malam ya iso an gama. Ya yi faɗa har muryarsa ta shaƙe, ya sa aka ɗora uwar da yarinyar a babur aka kai su asibiti a Ajingi. An yi mata ƙarin ruwa da allurai, bayan kwana huɗu aka dawo da ita tana cin abinci. Gari ya ce tsallakawar ce ta yi aiki. Na yi ta tunanin da ta mutu me za su ce, na ga shi ma ba zai wanke Iya ba.

Kwanaki da dama bayan haka Iya ba ta fasa dama koko ba. Ina jin ƙamshin tsamiya da citta ta katanga, ina jin ta fito da tukunya ƙofar gida, ina jin ta mayar. In ta je famfo mata sukan janye bokitansu su kira 'ya'yansu. Yara suna jifan kwanon rufinta in sun taso daga makaranta. Inna takan miƙa mata tuwo ta saman katanga in ba kowa, amma ba ta ƙara aikena gidan ba.

Wata Asabar da safe ɗanta ya zo daga Gaya da a-kori-kura. Ya tsaya a tsakiyar hanya yana zagi, yana cewa duk wanda ya isa ya fito ya maimaita a gabansa. Ba wanda ya fito. Can na ji muryar Iya ta katanga, "Bebiya, zo ki kama mini kayan nan." Na dubi Inna. Ta juya ta ci gaba da hura wuta. Na tafi.

Tana ɗaure ƙore da ludaya a tsohon zani. Ta rame, wuyanta ya fito. Na kama mata bakin zanin.

"Ke kin ga hoton nan?"

Na ɗaga kai.

"Ni fa har yau ba wanda ya nuna mini. Wacce ta fi kyau a cikinsu, ta famfo ko ta ƙofar gida?"

Ta ɗan yi dariya. A nan ne na gaya mata komai, da juyin jirgin, da maganar ɗinki da na ji ina shimfiɗa tabarma, da butar, da hijabin. Ban taɓa yi mata magana mai tsawo haka ba. Ta saurara har na gama, ba ta saki ƙullin da take yi ba.

"Tun yaushe kika gani?"

"Tun ranar da aka rataye shi."

"Ranar da na tsallaka yarinyar nan kin sani ke nan."

"Na sani, Iya."

Ta dube ni, ba harara ba, kallo irin wanda take yi wa gero in tana neman tsakuwa. Ta ce, "To." Ta nuna rariyar da ke rataye a ƙusa, ta ce in sa ta cikin babbar tukunya kada ta lanƙwashe. Ɗanta ya shigo ɗaukar katifa, ya tambayi wace ce ni. Ta ce 'yar maƙwabta ce.

Na kai tukunyar har mota. Ta shiga gaba da ƙyar saboda gwiwar, ɗanta ya rufe ƙofa. Ba ta yi sallama da kowa ba, ni ma ban ce ta yafe mini ba.

Yanzu ina babbar sakandare a Gaya, ina zaune gidan yayar Baba. Na san layin da ɗan Iya yake, ana hango shi daga hanyar makarantarmu. An ce tana nan da rai, ba ta sana'a, ba ta cika fita ba, don labarin ya biyo ta a waya tun watan farko. Shekara biyu ke nan ina wuce bakin layin safe da yamma, ban shiga ba.