Ranar da Inna ta raba wa baƙi digirinmu

Shekarun baya can, bayan an karya darajar kuɗin sefa, aikin gwamnati ya zama sai dai ka ji labari, na koma Ngaundere yin digiri na biyu a fannin sarrafa abinci. Karatun ba na zama a aji ba ne. Ana haɗa ku rukuni, a ba ku matsalar wata sana'a ku warware, kuma maki ɗaya za a ba ku gaba ɗaya. In kun faɗi, kun faɗi tare.

Mu huɗu ne, aka ba mu kilishi. Da damina masu kilishin Garwa kan rasa ranar shanya, ga ƙuda, nama ya yi ta lalacewa. Muka ƙera akwatin shanya na langa-langa da gilashi mai tara zafin rana. Mun sha faɗa a kansa, musamman ni da abokina ɗan garin Kayele, wanda ya fi mu kai ya kuma fi mu taurin kai. Shi ne babba a gidansu, kuma wani kamfani ya yi masa alkawarin aiki in ya fita a shekarar. In aka maimaita mana shekarar, shi kenan.

Akwati ya yi aiki. Saura mu nuna kilishinmu zai yi watanni a ɗaki irin na kowa bai yi fumfuna ba. Ni ne ɗan Garwa, don haka na kai shi gida cikin leda a ɗaure, na sa a kwalla, na ɗora kan sif ɗin mahaifiyata. Na yi mata bayani har da ɗaga yatsa, irin na mai ilimi.

Ana saura kwanaki mu tsaya gaban malamai na zo ɗauka. Kwalla wayam, an ma wanke ta.

"Inna, ina kilishin?"

"Kawunka na Kusiri ne ya sauka da mutanensa ba sanarwa."

"Inna, na makaranta ne fa! Na gaya miki!"

"Na ji. To baƙo ya shigo gidana, nama na kan sif, sai in ce masa na makaranta ne? Sun ci sun sa albarka. Ragowar na ƙulle masa ya yi guzuri."

Na je gidan waya na kira abokina. Da na gaya masa, sai ya ce, "Se fini, magana ta ƙare. Me zan gaya wa babana?" Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Inna ba ta ba ni haƙuri ba, ba halinta ba ne. Mayafi ta ɗauka ta nufi tasha, ta ba direban Kusiri saƙo: a gaya wa ƙaninta, in akwai sauran naman nan, ya kawo shi da ƙafarsa.

Ranar sutnans, wato ranar kare aiki, muka jera da aron kwat, akwati a gabanmu, faranti babu komai. Abokina ya yi bayani. Babban malamin ya dubi farantin ya ce, "Ina kayan?" Na buɗe baki ke nan sai ga sallama daga ƙofa. Kawu ne, da babbar riga da ƙullin leda a hannu, Inna na bayansa.

Leda ɗaya ta rage, ya manta da ita a aljihun motarsa. Ledar ta je Kusiri, ta zaga kasuwanni cikin zafin nan mai narka kwalta, ta dawo. Aka buɗe, aka duba, aka gwada a labo, wato ɗakin gwaji. Lafiya lau. Kawu bai san ana jira a ba mutum izinin magana ba, ya ce da Faransancinsa na kasuwa, "Malam, ni ba wannan ya kawo ni ba. Akwatin nan nawa za su ƙera mini? Tun da mutanena suka ci kilishin nan suke damuna."

Wakilin masana'antu da ke cikin alƙalan ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce gwajin da muka tsara bai kai wanda motar Kawu ta yi ba. Muka fita da maki mafi girma a ajinmu. Abokina ya durƙusa gaban Inna yana ta godiya, "Useko, Dada, useko," ita kuwa tana gyara mayafi kamar dama haka ta shirya.

Ya samu aikinsa, ya karantar da ƙannensa. Akwatinmu kuwa har yau nakan ga jikokinsa a bayan rumfunan masu kilishi, an sauya masa fasali, ba wanda ya san mu. Nakan rage tafiya in kalla, kuma wallahi daɗi nake ji har cikin raina. A can na gane in kana son sanin ko aikinka ya yi, ka bari ya fita hannunka.

Inna ta tsufa yanzu. Amma duk ranar da na kai mata tsaraba, sai ta riƙe ledar ta dube ni ta ce, "Wannan na ci ne, ko na makaranta?"