Ranar da Na Kira Shi a Bakin Dam

Kwana biyu bayan Babbar Sallah matan ajinmu na yaƙi da jahilci suka shirya fita zuwa bakin dam, can wajen Funtua. Malamarmu ce ta kawo shawarar. Ta ce muna ta karanta tafki da kogi a allo, yawancinmu kuwa ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan gari ba. Maigidana ya yarda, da sharaɗin babban yaronmu ya raka ni da ƙanwarsa.

Shi ne ɗana na fari, yana aji uku na sakandare a lokacin. A gidanmu mace ba ta kama sunan ɗan fari. Haka na taso na ga uwata tana yi, haka ni ma na yi. In ina son kiransa sai in ce "kai", ko in ce da ƙanwarsa, "Kira yayanki." Ya saba, har tsokanata yake yi.

"Inna, in na ɓata a kasuwar Danja, me za ki ce wa mai shela?"

"In ce wani mai dogon wuya ya ɓata, wanda ya tsinta ya riƙe."

Mun isa da hantsi cikin bas. An gyara wurin don 'yan yawon shaƙatawa: rumfunan kwano, kujerun siminti, masu hoto, mai sayar da rake. Wasu ɗalibai ma sun kafa tanti a ƙarƙashin itatuwa, wai a nan suka kwana. Muka shimfiɗa tabarmi, muka buɗe soyayyen naman Sallah da zoɓo. Wata Hajiya 'yar ajinmu ta dubi ruwan ta ce, "Wannan duk na mutum ɗaya ne?" Aka yi ta dariya.

Akwai masu ba da hayar tsofaffin tub na tayar mota, yara su shiga ciki su yi ta yawo a gefen ruwa. Na ga ya karɓi ɗaya mai faci ja. Ban hana shi ba, don inda suke wasa ruwan bai wuce ƙugu ba.

Bayan azahar hadari ya taso daga gabas. Iska ta fara kwashe ledoji. Mata suna naɗe tabarmi, ni kuwa idona yana kan ruwa. Sauran yaran sun fito, shi yana kwance a kan tub ɗin, fuskarsa sama, iska tana tura shi a hankali zuwa tsakiya. Bai sani ba.

Na ce da ƙanwarsa, "Kira yayanki."

Ta ruga bakin ruwa tana "Yaya! Yaya!" Samari da yawa suka waiwayo, ban da shi. Na tashi na bi ta, na ce, "Kai! Kai yaron nan!" Muryata dama ba ta da ƙarfi, ga iska, ga kiɗan ɗaliban.

Sai na kira sunansa. Ban san ina da murya irin wannan ba. Na ji matan bayana sun yi tsit.

Ya ɗago kai. Ya duba dama, ya duba hagu, yana neman wanda ya kira. Da ya gane ni ce, sai ya yi dariya. Daga nesa na ga haƙoransa. Ya ɗaga mini hannu, sannan ya duba ya ga inda yake, dariyar ta ɗauke. Ya fara tuƙi da hannuwa yana nufo mu, amma iska ta fi shi ƙarfi, tub ɗin kuma ya soma lanƙwashewa a ƙarƙashinsa. Na ci gaba da kira. Na shiga ruwa har gwiwa, malamarmu ta riƙe ni ta baya. Ruwan sama ya sauko, ya rufe tsakaninmu, ban ƙara ganin komai ba.

Masunta suna can ɗaya gefen. Kafin a kai musu labari su turo kwalekwale, an daɗe. Muka tsaya cikin ruwan sama. Babu wadda ta ce mu koma rumfa. Hajiyar nan ta lulluɓa mini mayafinta, tana ta salati a kunnena. Ƙanwarsa ta ƙanƙame zanena, ta daina kuka, sai rawar sanyi.

Bayan la'asar, ruwa ya ɗauke, masuntan suka dawo. Tun daga yadda suke tuƙi ba gaggawa na sani. Sun rufe shi da buhu, ƙafafunsa a waje. Dattijon cikinsu ya sauko, ya wanke hannu, ya dubi taron mata.

"Bayin Allah, wace ce tasa a nan?"

Hajiya ta yi sauri ta ce, "Yaron unguwarmu ne, Malam, tare muka zo." Tana so ta sauƙaƙa mini ne, don ta san irinmu ba ma nuna ɗan fari a gaban jama'a, ko a biki ko a makoki.

Na zame mayafin, na matsa gaba.

"Nawa ne, Baba," na ce. "Na fari ne. Ku buɗe mini fuskarsa."