Agogon da Lokotoro Ya Ce In Zana

Idan na tashi zuwa alwalla, ƙafata ta hagu na jan ƙasa, shuu, shuu. Na san ƙarar nan tun ina ƙarama. Haka ƙafar kakata take yi a gidanmu na Kurfai, bayan ta faɗi bakin rumbu ɓarin jikinta ya shanye.

Jikin ya ɗan dawo kafin damana, hankalin ne ya riƙa zurarewa. Ita ce mai zaɓen irin hatsi, ta ware manyan zangarnu ta ɓoye. Wata safiya muka iske ta daka irin kaf, tana dariya. Babana ya zauna ƙasa, ya dafe kai.

Kowa da abin da ya gano. Gwaggona ta ce iska ce ta bakin rijiya. Malam ya ce sammu. Kawuna ya ce tsufa ne kawai. Aka yi hayaƙi, aka ba ta rubutu ta sha. Da ta fara bin hanyar daji tana neman uwarta da ta daɗe da rasuwa, sai aka ɗaure mata ƙafa jikin turke. Ni ke kai mata fura. Ta dube ni ta ce, “Ɗiyar wa ce ke?” Na ruga da gudu, ban ƙara yarda in shiga ni kaɗai ba. Allah ya yafe mini.

Bara, wata biyu bayan rasuwar maigidana, ni ma na faɗi. Ɗana ya kai ni wurin likita a Filinge. Lokotoron ya faɗi sunan abu uku in riƙe a kai, na riƙe biyu. Ya miƙo mini bik, abin rubutu, ya ce, “Inna, zana mini agogo.” Ni da ban taɓa kama bik ba, da inuwar zana nake gane azahar! Na yi wani abu kamar ƙwarya. Ya daɗe yana kallo, ya yi rubutu.

Ya ce ko jijiyar kai ce ta toshe, ko baƙin cikin rashi ne, sai an ɗauki hoton kaina a Yamai. Muna jiran bayan girbi.

Ina kuka ina faɗa muku wannan, tun ina iya faɗi. Ba wanda ya ce mini komai a gida. Amma jiya ina riƙe da jinjirin surukata bisa cinya, ta baro tukunya kan wuta ta zo tana murmushi. “Kawo shi, Inna, kin gaji.”

Ban gaji ba. Na miƙa mata shi.